Sanarwar Rasuwar Garmahon Ranar Alhamis

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ya gaji da haɗiyewa, Velko Stamenov, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, mazaunin ɗaki na goma sha ɗaya a gidan tsofaffi na kan tudu, yake sanar da abokan zama da 'yan uwansu rasuwar garmahonsa. Rai ya yi halinsa ranar Alhamis da ta wuce, da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, a tsakiyar waƙa, a gaban mutum ashirin da uku da ke riƙe da hannun juna suna rawa. Ya rasu yana da shekara hamsin da ɗaya.

An liƙa wannan takarda a ƙofar ɗakin cin abinci da jikin bishiyar bakin gida, kamar yadda ake yi wa kowane mamaci a ƙasarmu ta Bulgeriya. Wanda ya yage ta jiya, wai tana ɓata bango, ya sani cewa guda arba'in aka buga.

Marigayin ya shigo gidan Velko a matsayin kyautar aure. Kawun amaryarsa Nevena ne ya rungumo shi a cinya cikin jirgi tun daga birnin Sofiya, bai yarda an sa shi wurin kaya ba. Tun daga ranar bai taɓa saɓa wa kowa ba. Bai taɓa neman lambar sirri kafin ya yi waƙa ba, bai taɓa ce wa tsoho ya sake gwadawa an jima ba. Sai dai ya yi gyaran murya, kurrr, tas, tas, sannan ya kama aiki. Da Velko da Nevena suka taro wannan gida shekara shida da suka wuce, shi ya kafa rawar Alhamis, a ɗakin da a da ba a jin komai sai ƙarar cokali da tari.

Ba a ɓoye aibin mamaci idan aibin ne ya sa aka so shi. A faifan bikin aurensu akwai wani karce, inda allura take maƙalewa ta dinga maimaita wuri ɗaya, ta-ram, ta-ram, ta-ram, har sai Velko ya buga ƙafa a katakon daɓe ta tsallake. Shekara hamsin yana buga ƙafar nan, shekara hamsin Nevena tana kwashewa da dariya tana cewa, "Velko, jakin nan, za ka rushe mana gida!"

Shekara uku ke nan mantuwa ta kama Nevena. Ba ta san 'ya'yanta ba, ba ta san ɗakinta ba. Mijin da yake tsefe mata gashi kowace safiya, "bawan Allah" take ce masa, cikin ladabi. Amma duk Alhamis, in allura ta maƙale ya buga ƙafa, sai ta ɗago ta dube shi ta faɗi maganar nan, da sunansa a ciki. Sau ɗaya a mako yake jin sunansa a bakin matarsa, kuma marigayin ne yake kawo masa shi.

Ciwon ajali ya fara ne da bazara, lokacin da robar da ke juya faifai ta saki, mawaƙin ya koma kamar mai fama da mura. Sau uku Velko yana rubuta wa shugabar gida, Madam Rusanova, yana roƙon motar gida ta kai majinyacin wurin wani tsohon mai gyara a garin Pleven.

"Kaka Velko," in ji ta, "wa yake gyaran garmaho a zamanin nan? Ai ga sabon tsarin nishaɗi mun fito da shi. Litinin wasan lambobi, Laraba fentin duwatsu, Juma'a motsa jiki a kan kujera."

"Fentin duwatsu!" in ji Velko. "Shekara arba'in ina hana jirage yin karo, yanzu a miƙo mini dutse in yi masa ido da baki?"

Iyalan marigayin suna godiya ga Gergina ta ɗaki na huɗu, wadda ta ciro robar murfin kwalbar da take jiƙa barkono aka ɗaura masa, ya samu sauƙi har damina ta wuce. Ba sa godiya ga Minko, tsohon direban tarakta, wanda a wurinsa barasar inabi ta gida ita ce maganin gwiwa da haƙori da tari da duk abin da Allah ya halitta. Da ya ji marigayin yana nishi ranar Alhamis, sai ya faki idon Velko ya ɗura masa cokali guda a cikin injin.

"Haba, ɗan uwa," ya ce daga baya, "abin da ya tashe ni daga zazzaɓi sau uku, garmaho ne zai gagare shi?"

Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Gaskiya ne marigayin ya warware na minti goma, ya dinga gudu har tsofaffi suna haki suna riƙe ƙugu. Daga nan allura ta iso wurin karcen. Ta-ram, ta-ram, fsss. Hayaƙi ya tashi. Velko ya buga ƙafa sau ɗaya, ya sake bugawa, ya buga na uku har sandar Gergina ta faɗi. Nevena tana tsaye baki a buɗe, dariyar ta zo mata har leɓe, sai ta koma. Wannan ta-ram, ta-ram, fsss ɗin su ne kalmomin marigayin na ƙarshe.

Ba za a ce Madam Rusanova muguwa ce ba, rashin sani ne, wanda ya fi dare duhu. Ranar Asabar ta zo da wata 'yar lasifika mai girman burodi, ta nemo waƙar a wayarta, tana murna.

"Ga ta nan tas, Kaka Velko, babu karce ko ɗaya!"

"Karcen nake nema, 'yata," in ji shi.

Waƙar ta wuce sumul daga farko har ƙarshe. Nevena tana zaune tana ninke hankici, ko kai ba ta ɗaga ba.

Marigayin ya bar faifai goma sha huɗu, ciki har da na bikin, wanda yake nan lafiya da karcensa. Ya bar maɓallin rigar ma'aikatan jirgi da aka manna a kan hannunsa don allura ta zauna. Ya bar masu rawa ashirin da uku da a yanzu suke yi wa duwatsu ido, da Minko wanda ba a amsa gaisuwarsa, da Velko, da kuma Nevena.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis mai zuwa da ƙarfe huɗu, a ɗakin cin abinci, kuma za a ture tebura gefe kamar kullum ko an ba da izini ko ba a bayar ba. Za a raba dafaffiyar alkama da sukari. Furanni a kawo su bibbiyu kamar yadda ake kai wa mamaci. Kada kowa ya kawo fentaccen dutse. Tun da an hana haƙa rami a lambu, za a kwantar da marigayin a saman akwatin tufafin ɗaki na goma sha ɗaya.

Duk wanda yake da tsohon garmaho a rufin gida ko a ɗakin ajiya, don Allah ya zo da shi maimakon furanni. An ce dokar gida ta hana shigo da tsoffin kayan lantarki sai jami'i ya duba, shi kuwa jami'in sai bayan wata huɗu zai zo. Velko yana tunatar da jama'a cewa tagar ɗakinsa tana kallon titi, kuma ba ta da nisa da ƙasa.

Nevena za ta halarta cikin shuɗiyar rigarta ta rawa. Da safiyar yau, yana tsefe mata gashi, Velko ya gaya mata cewa garmahon wani mutum ne ya mutu, mutumin kuma yana cikin baƙin ciki ƙwarai. Ta ce Allah ya ba bawan Allah haƙuri. Sannan ta tambaya ko yana da matar da za ta zauna kusa da shi.