Ragon da Na Taya a Nijar

Ba zan taɓa mantawa da walimar bankwanan da aka shirya mini a firamaren da nake koyarwa a Batsari ba. Har yau ban ji labarin malamin da aka yi wa bankwana ranar Alhamis ya koma aji ranar Litinin ba, sai ni.

Lokacin da kuɗin man fetur suka shigo ne. Albashi ya ƙaru, amma kasuwa ta riga shi gudu, mahauci ma sai ya dubi takalminka kafin ya faɗi kuɗin nama. Ni kuwa alli ya ishe ni, na ƙudurta in yi ritaya da sauran ƙarfina. Abin da ya rage shi ne wurin zama: ko in koma ƙauyenmu Karare in rungumi gonar gado, ko in tsallaka Nijar, inda ake cewa naira tana da baki. Matata Hajara 'yar can ce, daga wani gari kusa da Maraɗi, don haka da aka yi hutu na ce bari in je in gane wa idona.

Na sauka gidan Kawu Idi, ƙanen mahaifiyarta, dattijo mai kunya wanda ko ido ba ya haɗawa da suruki. Ranar kasuwa na ce zan zaga ni kaɗai. Ya ce to, amma duk inda na waiga sai in hango shi can baya yana gaisawa da mutane. (Na ce a raina, tsohon nan akwai son gaisuwa.)

Na tsaya gaban wani ƙaton rago mai murɗaɗɗen ƙaho, na taya shi kuɗin da a Batsari ko ɗan akuya ba za su saya ba, don kawai in ji ta bakin mai shi. Ina jiran ya ce albarka. Ya leƙa bayana, ya dube ni, ya ce, "Na sallama, Malam."

Daga nan kaina ya kwance. Atamfa, man shanu, akushi, duk abin da na taya sai a sallama. Har linzami na saya, alhali ko jaki ba ni da shi. Na dawo gida na tabbata abu biyu: Nijar aljannar ɗan fansho ce, ni kuma Allah ya yi mini baiwar ciniki da na yi shekaru ina ɓarnatarwa a aji.

Hajara ta saurare ni har na gama, ta ce, "Malam, ka dai ƙara tambaya."

Na ce, "Ke da ba ki taɓa taya rago ba?" Ta ci gaba da aikinta. Na miƙa takardar ritaya, na ba ƙanena Sani aron gona, muka ɗaure kaya.

Ranar walima aka jera bencuna ƙarƙashin bishiyar bedi. Yara suka yi waƙa, malamai suka ba ni agogon bango, liman ya yi addu'a har idona ya cika. Kawu Idi ya zo da a-kori-kura don ya kwashe mu, aka ba shi kujera a gaba. Ni kuma, saboda Allah ya nufa sai na ji kunya, na sa aka ɗaure ragon nan a jikin bedin don ya zama shaida.

Da aka ba ni magana, maimakon in nemi gafara in zauna kamar kowane mai bankwana, sai na buɗe darasi. Na ce mutanenmu suna zaune ana yanka su a kasuwa don ba su fita sun ga duniya ba. Na nuna ragon, na faɗi kuɗinsa, na lissafa sauran sayayyata har da linzamin. Wuri ya ɗauki salati.

Babbar Salla ta kusa. Hedimasta ya gyara hula ya ce, "To Malam, tunda haka ne, ka sayo mini na layya guda." Liman ya ce shi ma. Kafin ka ce kwabo, malamai da iyayen yara, har da wani baƙo daga Safana da ya zo wucewa, kowa ya ɗaga hannu. Na bugi ƙirji na ce, "Wannan mai sauƙi ne. Ga Kawu nan, tare za mu shiga kasuwar."

Sai na ga Kawu Idi ya miƙe a hankali, gumi yana bin wuyansa. Bai dube ni ba, ƙasa yake kallo.

Ya ce, "Jama'a, ku yi mani rai, ban so in yi magana ba. Mu garinmu, in suruki ya zo baƙunta, ba a barin a ce mai albarka cikin kasuwa, abin kunya ne gare mu. Tun da sahe na bi 'yan kasuwa na hwaɗa masu, duk abin da Malam ya taya su sallama, ni ka cikawa. To suruki guda, na iya. Amma ragunan Batsari duka, ko gonata na saida ba ta kaiwa."

Wuri ya yi tsit. Ragon ne kaɗai ya yi magana.

Daga baya wani ya ce, "Kawu, linzamin fa?"

Ya ce, "Shi ya hi tsada." Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma in Malam ya zauna can, ya zama ɗan gari. In kunka zo baƙunta, shi ka cika maku."

Hedimasta ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa ina tsaye rungume da agogo, na rasa inda zan sa kaina. Dariyar ba ta ƙona ni ba kamar abin da Hajara ta gaya mini da muka koma gida: karsana tsohon ya sayar don ya rufa wa cinikina asiri. Na ce me ya hana ta faɗa tun farko? Ta ce, "In tona kawuna? Ai na ce ka ƙara tambaya."

Na sa aka loda ragon a a-kori-kura tare da buhunan gero, na durƙusa na ba Kawu haƙuri. Motar da ta zo kwasar malami ta koma da rago. Washegari na hau babur zuwa ofishin ilimi, na tarar takardata tana nan inda na ajiye ta, ko ƙura ba a kaɗe mata ba. Ban taɓa sa wa jinkirin ofis albarka ba sai ranar.

Ranar Litinin na mayar wa hedimasta agogo. Ya ce in riƙe, na bankwanan gaske ne aka ba ni tun da wuri. Haka kuwa aka yi. Da na yi ritaya bayan shekaru na koma Karare, addu'a kawai na samu, sai liman da ya tambaye ni ko agogon yana aiki.

Yana aiki, linzamin ma yana rataye kusa da shi. Tun daga ranar, in na taya abu aka ce an sallama da wuri, ba na murna. Waigawa nake yi in ga wa ke biye da ni.