Yadda Na Nemi Garantin Ango

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba a gidanmu na Mile 2 Diobu, ranar da zargi ya kusa sa na kashe auren ƙanwata da bakina.

Ni ɗan albasa ne a Kasuwar Oil Mill, kuma duk wanda ya daɗe a Fatakwal ya san idan ka yi sakaci, da hularka za a sayar da kai. Don haka da janareta ya ishe mu da hayaƙi da shan mai, matata Maman Abba ta matsa a saka sola saboda firizar zoɓonta, sai na ɗaura ɗamarar kada wani ya cuce ni.

Mai sayar da sola na farko ya zo ya ce kuɗi hannu, kaya sababbi fil. Na ce a raina, mai son kuɗi hannu gudu zai yi. Na biyu ya ce a biya kaɗan-kaɗan duk wata, amma ranar da ka makara suna iya kashe maka wutar daga ofishinsu. Na ce to wannan ai ba sola ba ce, surukuwa ce. Na uku wani yaro ne mai jar hula, farashinsa ƙasa da na kowa, abin da ya fi komai tsorata ni ke nan (araha ba ta ado). Da na tsare shi da tambayoyi sai ya ce ogansa zai zo ranar Asabar mu yi magana.

A satin nan ko abinci nake ci, batir da infata nake taunawa. Maman Abba ta rantse ta gaya min sau biyu cewa kawun Nura, mahaucin da ke neman ƙanwata Hafsatu, zai zo gaishe ni ranar Asabar ɗin. Ta ce har na amsa da "to". Wallahi ban ji ba.

Asabar da hantsi aka yi sallama. Dattijo ne mai furfura, babbar riga, ƙamshin turare. Na ce a raina, lallai, sun turo mai gemu don na saki jiki. Muka gaisa, gajiya, iyali, ruwan sama.

Ya ce, "Malam, na zo ne kan maganar yaronmu."

Na gyara zama. "Na sani, Alhaji. Amma gaskiya ɗaya ce, ku ne na uku da suka zo min kan maganar nan."

Ya ɗago kai. "Na uku?"

"Ƙwarai. Wani ya ce kuɗi hannu, wani ya ce kaɗan-kaɗan. Naku ne mafi araha, shi ya sa hankalina bai kwanta da ku ba."

Dattijon ya sunkuyar da kai ya hau jan carbi. Ni kuwa na ɗauka na kama shi ne (kaico, har wani murmushi na yi).

Na ce, "Ku gaya min tsakani da Allah. Sabo ne ko tokunbo?"

"Malam, ban gane ba."

"Wani ya taɓa amfani da shi? Don na san yadda ake yi, a wanke a goge a kawo wa mutum."

Ya ce, "A gabana ya tashi. Ba shi da wani aibu da na sani."

"Haka kowa ke cewa. Zai iya ɗaukar firiza?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Wanda ke saɓa cinyar sa a kafaɗa, firiza ce za ta gagare shi?"

Nan ya kamata na farka. Ina! Na ɗauka irin zaƙin bakin 'yan talla ne. Sai na jefa babbar tambayata, wadda na kwana ina wasawa.

"To idan ya yi wata shida ya mutu, za ku kawo wani ku canja, ko ni zan ɗauki asara?"

Ya miƙe tsaye. "Inna lillahi! Malam, rai a hannun Allah yake!"

Na ce, "Ka gani! Ba garanti ke nan!"

Sai na ji tire ya faɗi a bakin ƙofa, zoɓo ya malale har ƙarƙashin tabarma. Maman Abba ce, hannu biyu a ka. "Baban Abba! Kawun Nura ne fa!"

Jama'a, da ƙasa tana da ƙofa da na shige. Daga ɗaki na jiyo kukan Hafsatu. Na buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne, "Alhaji... ashe ba ku sayar da batir?"

Dattijon ya juya min baya. Ya zura takalmansa ya tare keke ya tafi.

Washegari na ɗauki limaminmu muka bi shi har mayanka inda suke sana'a, na durƙusa a gaban mahauta ina bayani. Abin da ya fi ƙona masa rai, in ji shi, shi ne zaton muna gwanjon yarinya tsakanin mutum uku. Da ya fahimci komai sai ya yi ta dariya har yana share hawaye da hannun riga, ya kira na kusa ya sa na maimaita musu daga farko. Na maimaita. Mai neman gafara ba ya zaɓen hukunci.

An ɗaura aure bayan Sallah. Da aka zo faɗin sadaki, wani daga bayan sahu ya ɗaga murya, "A tambayi yayan amarya, kuɗi hannu ko kaɗan-kaɗan?" Har liman sai da ya sunkuyar da kai.

Tun daga ranar, ko mai karanta mita ne ya yi sallama, sai na tambaye shi sunansa da na babansa da abin da ke tafe da shi kafin na buɗe baki. Kuma idan Maman Abba tana magana, ba na cewa "to" sai na ji ƙarshen zancen.