Tutar Raƙumi a Jirgin Dorina

A wani daji da babban tafki ya ratsa, dabbobi suna fatauci da jiragen ruwa daga gaɓa zuwa gaɓa. Da yake tafkin na kowa ne, suka kafa Majalisar Ruwa, suka naɗa Kunkuru shugaba. Dokarta ta farko ita ce, kowane jirgi ya ɗaga tutar dabbar da ya zaɓa, kuma mai tutar ne kaɗai zai hukunta shi. Nan da nan masu jirage suka gano cewa babu tuta mai daɗin sha'ani kamar ta Raƙumi, wanda ke zaune can cikin rairayi, bai taɓa jiƙa kofato ba.

Wata rana aka kawo Tarwaɗa gaban majalisa a cikin ƙwarya, ranta a ɓace.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ruwa ba ya tsami banza. Jirgin Dorina yana yoyon manja a kan makwancinmu. Ƙwayayena na bara duk sun mutu, na bana ga su nan a ƙarƙashinsa. A toshe ramin nan kawai nake roƙo."

Dorina ta gyara zama, ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah, na tausaya miki. Jirgi nawa ne, manja nawa ne, amma ku dubi tuta. Ni mai bin doka ce, ba zan shiga hurumin Raƙumi ba."

Aka juya ga Raƙumi. Ya gama tuƙarsa a tsanake, sannan ya ce, "Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, ban musa ba. A kawo mini jirgin gida, in duba shi ciki da waje."

Tafiyar kwana arba'in ce, babu ko kududdufi a hanya. Majalisa ta yaba da wannan haɗin kai.

Kwana uku ana muhawara a kan ko manja ƙazanta ne ko abinci. Daga bisani Kunkuru ya miƙe, abin da ya ɗauki ɗan lokaci, ya ce, "Sauri kan haifi nawa. Mun hana yoyo a tafkin nan kwata-kwata. Dokar za ta fara aiki bayan damina bakwai, don masu jirage su kintsa."

Tarwaɗa ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙwan nan jibi zai ƙyanƙyashe."

Aka rubuta maganarta da kyau, aka mai da Tarwaɗa cikin ruwa.

Da damina ta bakwai ta cika, doka ta fara aiki. Majalisa na alfahari da ita ƙwarai, domin har yau babu tarwaɗar da ta sake kawo ƙara.