Ranar da Na Yi Wa Baban Amarya Raddi

Ba zan taɓa mantawa da bikin Malama Rifkatu ba, ko na so in manta abokan aikina ba za su bari ba. Tare muke koyarwa a wata sakandare kusa da Ɗambatta, ita lissafi, ni darasin addinin Musulunci. Kirista ce, Bahaushiya, gonakin ƙauyensu sun yi iyaka da na kakannina. Da ta gayyace mu, muka cika mota har da shugaban makaranta.

A makon ne wani bidiyo ya karaɗe wayoyi, wani babban malamin coci a wata ƙasa yana cewa wai Musulunci bai san hankali ba, umarni ne kawai da takobi. Abin ya ci mini rai. Na yi ta shirya raddi a zuci, ina bitarsa a kan babur, har matata ta fara tambayata da wa nake faɗa. Raddi ya nuna, sai dai babu wanda zan sauke wa.

Da aka fito daga coci aka zaunar da mu a rumfa ana jiran abinci. A bayana akwai wani dattijo mai babbar riga, aka ce shi ne faston garin, suna magana ƙasa-ƙasa da wani saurayi mai kwat. Kiɗa ya hana ni jin komai, sai da ya ɗan tsaya na tsinci muryar dattijon tar: "Musulunci bai san hankali ba, umarni ne kawai da takobi..."

Ban jira ba. (Da na jira, da ba ku sami labarin nan ba.) Na miƙe na karɓi makirufo a hannun mai gabatarwa. Shi a zatonsa gaisuwar makaranta zan isar, har ya sa aka tafa mini.

Na buɗe wuta. Na ce Alƙur'ani bai gushe ba yana tambayar mutane, shin ba za ku hankalta ba, shin ba za ku yi tunani ba. Na kawo malamanmu na da da suka yi rubutu kan lissafi da likitanci da ilimin hujja. Na ce duk shugaban addinin da zai yi magana kan addinin wasu, to ya fara zama ya karanta, ya tambayi masu shi. Har nan dai lafiya lau. Sai kuma na juya na nuna dattijon da yatsa, na ce ya ji kunyar furfurarsa.

Amarya ta rufe fuska da mayafi. Shugabanmu ya ƙura wa takalminsa ido kamar yau ya saye shi.

Dattijon ya taso a hankali ya karɓi makirufo. Ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam. Da ka bari na kai ƙarshen zancena, da ka hutar da maƙogwaronka."

Ashe saurayin ɗan ƙanensa ne mai karatun zama fasto, ya zo da niyyar yin wa'azi kan bidiyon ranar Lahadi. Shi kuwa dattijon maganar yake maimaita masa don ya gaya masa ba za a faɗe ta a cocinsa ba. Ya ce tun yana yaro yake zaune da Musulmi, sun sha muhawara da limamin garin, kullum da hujja mutumin yake zuwa masa, kuma fasto ba ya ba da shaida kan abin da bai sani ba. Sai a nan na ji wata mata na raɗa cewa ai shi ne mahaifin amarya.

Na ɗauka an gama da ni, sai saurayin ya nuno ni ya ce, "To Baba, ai ga shaidata ta kawo kanta."

Rumfa ta kwashe da dariya. Dattijon ya galla masa harara ya ce, "Wannan ba addininsa ba ne, yunwa ce. A kawo wa Malam shinkafa."

Aka kawo, na kuwa cinye. (Me ya rage?) Daga baya na je na durƙusa na ba shi haƙuri. Rifkatu ta daɗe tana amsa gaisuwata da ka kawai, ɗalibai kuma har gobe Malam Raddi suke kirana.

Amma ku ji da kyau, in ban da zancen furfura, ban janye ko kalma ɗaya ba. Gaskiya na faɗa, kuma gobe ma in na ji an yi wa addinina ƙage zan tanka. Shi kansa Baba Fasto sai da ya sa na dawo na maimaita wa saurayin komai, a zaune, a gindin darbejiya. Saurayin bai yarda da duk abin da na ce ba, ni ma ban sakar masa ba, amma dai wa'azin nan bai yi shi ba.

Abin da na koya ɗaya ne: in za ka tashi kare hankali a bainar jama'a, ka fara laluba aljihu ka tabbata ka fito da naka.