Yadda Ake Raba Faɗan Matattu da Maganin Basir a Cikin Kwamfuta Ɗaya

Kai da aka damƙa wa kwamfuta, ayyuka biyu suna shaƙe wuyan juna a cikinta saboda an tsara su lokaci guda, matso kusa. Ni ne Twaha Lubwama, shekara shida ina riƙe da kwamfutar gidan rediyonmu na bakin tafki. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, faɗa zai mutu murus, babu babban da zai yi fushi da kai, kuma aikinka ba zai taɓu ba. Da hannuna na gwada, wata ranar Talata, ga ni nan har yau a kan kujerata.

Ga yadda abin yake a wurinmu. Kwamfutar ɗaya ce, tsohuwa, ita ke sakin shirye-shirye da rana in kowa ya tafi cin matoke, tuwon ayabarmu. An tsara mata ayyuka biyu da ƙarfe ɗaya daidai. Na farko sanarwar rasuwa, daga ofishin Madam Nakayiza. Na biyu tallace-tallace, daga ofishin Mista Walusimbi, wanda babban tallansa na maganin basir ne mai kiɗan ganga. Wata rana matattu su riga, talla ya ɓace. Wata rana talla ya riga, matattu su kwana a ciki ba wanda ya ji sunansu. Wata rana kuma su fito tare.

To, ranar Talatar nan da ƙarfe tara na safe, wata tsohuwa, Kaka Namagembe, ta zo da takarda ƙulle a bakin zaninta. Mijinta Yowana Semakula ya rasu da asuba, gobe ƙarfe biyu za a binne shi. Ɗansu ɗaya tilo, Mukiibi, yana kamun kifi a wani tsibiri inda waya ba ta kamawa, amma kowa a can yana kunna rediyo da ƙarfe ɗaya ya ji wanda ya mutu. Jirgi ɗaya ke barin tsibirin a rana, ƙarfe uku. In ya ji yau, zai ga fuskar ubansa. In bai ji ba, sai dai kabari. Aka ɗauki sanarwar a murya, aka zuba a kwamfuta. Ita kuma ta shimfiɗa tabarma a barandarmu da 'yar rediyonta, ta ce a nan za ta jira ta ji da kunnenta.

Mataki na ɗaya: Ka rantse babu wata matsala

Duk wanda ya tambaye ka, ka ce kwamfuta lafiyarta ƙalau. Ka ɗora laifi a kan ƙudajen tafki, ka ce sun shige mata ta baya. Ni wata uku ina cin abinci da ƙudajen nan.

Abin da ya tona ni shi ne Juma'ar da ta gabata, da ayyukan biyu suka fito tare. Gari duka ya ji: “Muna baƙin cikin sanar da rasuwar mahaifinmu… cokali biyu safe da yamma, ba zai ƙara dawowa ba!” Ga ganga tana tashi a ƙasa. 'Ya'yan mamacin sun zo su bakwai a kan babur biyu, sai ta taga na fita. Saboda haka in ka ga tsohuwa ta zauna maka a baranda, ka san zamanin ƙudaje ya wuce, ka matsa mataki na gaba.

Mataki na biyu: Kada bakinka ya furta “minti biyar”

Wani ɗan boko daga Kampala zai ce maka ai abin mai sauƙi ne, ka mayar da ɗaya ƙarfe ɗaya da minti biyar. Wannan bawan Allah bai taɓa aiki da mutane ba. Ni na furta, don ka huta.

Madam Nakayiza ta sauke tabarau. “Twaha, ɗana, wa za ka matsar? Matattu? Mutum ya yi shekara tamanin a duniya, ya mutu, kuma ya bi layi bayan basir?”

Na haye ofishin Walusimbi. Ya ce, “Kai, yaro, matattu saurin me suke yi? Ina za su? Mai basir fa yana raye, ko zama ba ya iya yi. Ka gaya wa Madam ɗinka in tana son minti biyar, ta ɗauka, na ba ta kyauta.”

Ka gane ko? Ba minti biyar ake faɗa a kai ba. Wanda aka matsar shi ne ƙarami, kuma gobe mai shayi ma shi zai kai wa kofi daga baya.

Mataki na uku: Ka binciko babba

A ƙasar nan babu rigimar da girma ba ya kashewa. Ka nemo wanda ya riga fara aiki, ka ba aikinsa gaba, kowa ya yi shiru.

Na buɗe tsohon littafin bakin ƙofa. Madam da Walusimbi, rana ɗaya aka ɗauke su aiki. Safiya ɗaya. Kai, ɗan acaɓa ɗaya ne ya kawo su daga tasha, don ranar ana ruwa. Madam ta ce ita ce a baya, ita ta fara sauka, ƙafarta ta fara taka ƙasar gidan rediyo. Walusimbi ya ce shi ne a tsakiya, don haka hancinsa ya riga nata shiga ƙofa da kamu guda. Aka ce a nemo ɗan acaɓan ya ba da shaida. Ashe ya rasu watan jiya, kuma sanarwarsa na cikin waɗanda basir ya haɗiye.

Ƙarfe goma sha ɗaya ke nan. Kaka ta leƙo ta taga ta ce, “Ɗana, an sa sunan tsibirin daidai ko?” Na ce an sa, Kaka, kwantar da hankalinki.

Mataki na huɗu: Ka kai ƙara sama don a dawo maka da ita

Ka kira manaja. Namu yana Masaka wurin bikin ƙanwar matarsa, da makullin ɗakin watsa shiri a aljihunsa. Tun da ya kama masu gabatarwa suna gai da 'yan matansu da rana tsaka, yake kulle ɗakin daga sha biyu zuwa huɗu. Wato babu mai iya zama gaban makirfo ya karanta sanarwa da bakinsa.

Na faɗa masa komai. Ya ce, “Twaha, ku sasanta kamar 'yan gida ɗaya. Kada dai in dawo in tarar an ɓata wa wani rai.” Ya kashe waya, don an kawo kaza.

Kada ka ji haushi. Yanzu kana da shaidar cewa ka sanar.

Mataki na biyar: Ka ba kwamfuta tarbiyya

Nan ne ilimin yake, ka buɗe kunne. Na zauna na yi tunani, me ya sa mutum biyu ba sa karo a ƙofar gidan surukai? Saboda takalmi. Ka zo ka ga takalmi a bakin ƙofa, ka san da mutum a ciki, sai ka durƙusa ka jira.

Sai na rubuta wa kowane aiki doka. Kafin ka yi magana, ka ajiye 'yar alama a bakin ƙofa, takalminka ke nan. Sannan ka duba. In ka ga takalmin ɗan'uwanka, ka durƙusa har sai ya ɗauke. In babu, ka shiga. Durƙusa wa wada ai ba gajiyawa ba ne.

Na gwada sanarwar rasuwa ita kaɗai, ta ajiye takalmi, ta shiga. Na gwada talla shi kaɗai, ya shiga. Kada ka gwada su tare, wannan rashin yarda da kai ne, kuma lokaci ya tafi.

Sai ka bi manyan ɗaya-ɗaya. Na ce wa Madam, “Daga yau in talla ya ga matattu, durƙusawa zai yi.” Ta ce Allah ya yi mini albarka. Na ce wa Walusimbi, “Yallaɓai, daga yau in matattu suka ga talla, durƙusawa za su yi.” Ya ba ni rabin gasasshen kifinsa. Ka lura, ban yi wa kowa ƙarya ba.

Mataki na shida: Ka saurari zaman lafiya

Ƙarfe ɗaya saura minti biyu, Madam ta zo ta tsaya bayan kafaɗata ta dama, Walusimbi ta hagu, kowa ya zo ya ga an durƙusa masa.

Ƙarfe ɗaya ta buga. Ayyukan biyu suka ajiye takalmi a daƙiƙa guda. Kowa ya duba, ya ga na ɗan'uwansa, ya durƙusa.

Shiru. Ba ganga, ba mamaci. Tun da aka kafa gidan rediyon nan ba a taɓa samun ladabi irin wannan ba. Wannan yana cewa bismilla, wancan yana cewa a'a, kai dai bismilla, kuma babu ranar da za su gaji, don kwamfuta ba ta da gwiwar da za ta yi ciwo.

Madam ta ce, “Me ake jira?”

Na ce, “Juna.”

Walusimbi ya ce, “To danna wani abu mana!”

Na ce, “Wanne zan fara dannawa, yallaɓai?”

Suka dubi juna, suka dube ni. Kowa ya jawo kujera.

Mataki na bakwai: Kai ma ka durƙusa

Yatsa ɗaya ya isa. In ka ɗauke takalmi ɗaya, ɗayan zai shiga nan take. Amma wanda ka ɗauke wa, kun ɓata ke nan har ka bar aiki, kuma manaja ya ce kada a ɓata wa kowa rai. Don haka ka ƙura wa allo ido, ka ɓata fuska, ka riƙa cewa “hmm”.

Akwai wata dabarar. Wayar wutar kwamfuta tana nan kusa da babban yatsan ƙafata. In na taka ta, kwamfuta za ta mutu, ta farfaɗo ta manta da takalma, sa'a ta zaɓi mai riga. Tun ƙarfe ɗaya da kwata na tuna da wannan. Amma in sa'a ta zaɓi basir fa? Ko ta saki duka biyun, tsohuwa tana baranda tana ji? Na janye ƙafata.

Ƙarfe biyu Kaka ta shigo tana girgiza rediyonta. Ta durƙusa mini, ni da ban kai ɗanta ba. “Ɗana, ka gafarce ni, ina jin batirina ne ya mutu. An riga an faɗa ne ban ji ba?”

Mu uku muka ƙara ƙura wa allo ido. Ta tashi ta tafi kanti da ƙafa, ta sayo sabon batir, ta dawo ta zauna tana murɗa rediyon. Wallahi na ji kunya, irin wadda ban taɓa ji ba. Amma kunya ba ta danna maɓalli, kuma kowannenmu yana jiran ɗayan ya fara cewa a saki.

Na taka wayar ƙarfe uku da minti goma. Na ce kuskure ne. Kwamfuta ta farfaɗo, matattu suka riga. Sunan Yowana Semakula ya fita tas, ba ganga, ba cokali, da sunan tsibiri daidai. Kaka ta share hawaye ta ce an karanta da kyau, sabon batir ɗin ma yana da ƙarfi. Ba ta ɗaura agogo.

Mataki na takwas: Ka rubuta rahoton nasara

Ka rubuta cewa an magance karon ayyuka, an samu sa'a biyu da minti goma ba tare da rikici ko ɗaya ba. Madam ta gamsu, don ita ta fara. Walusimbi ya gamsu, don ya ce wuta ce ta zaɓa, ba mutum ba. Manaja ya dawo ya yaba mini a gaban kowa. Na gaya maka aikinka ba zai taɓu ba.

Sanarwa ta musamman

Ni Twaha Lubwama babu ruwana da duk abin da ya biyo bayan bin waɗannan matakai. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Ba ni na sa jirgi ƙarfe uku ba, ba ni na tayar da iskar da ta hana masu kwalekwale fitowa ranar ba, ba ni na ce a yi jana'iza ƙarfe biyu ba.

Haka kuma babu ruwana in ranar Alhamis wani dogon mutum mai warin kifi ya zo bakin ofishinka, riƙe da ƙyallen ɓawon itace a naɗe, wanda ya saya don lulluɓe ubansa, ya iso an riga an rufe ƙasa. Ka shirya wa duka, na sani, ni ma taga na duba. Amma ba duka ya kawo shi ba. Cewa zai yi, “Kai ne mai kwamfuta? Tsohuwa ta ce ka yi ta wahala a kanmu tun safe, ko abinci ba ka fita ci ba. Ta ce in zo in yi maka godiya.” Sannan ya kama hannunka da hannu biyu.

Wannan ba ni da mataki a kansa. Ni dai na ce masa ba komai.