Yadda Za Ki Ƙwace Mai Aikin Maƙwabciyarki

'Yar'uwa, idan kin gaji da dawowa daga ofis ki tarar da kwanuka na jiranki, kin yi cigiyar mai aiki har kowa ya daina ɗaga wayarki, to kwantar da hankalinki. Mai aiki ta kirki ba a samunta a zaune, tana gidan wata. Hanyar da zan koya miki ba ta da fashi. Yayata ce ta gwada ta a kan matar likitan da ke zaune a hawan samansu, a kan idona, kuma ta yi nasara.

1. Fara leƙen asiri

Ki shiga gidan maƙwabciyar da sunan aron dutsen guga. Kuna gaisawa ki shafa yatsa a bayan talabijin. In ba ki ga ƙura ba, ki ce za ki shiga banɗaki. Haka Yaya ta yi, ta fito jiki a sanyaye, ta ce mini ko madubin ɗakinta bai kai tayil ɗin nan sheƙi ba. Mai wannan aiki wata babbar mace ce da ake kira Maman Biyu, ta daɗe a gidan.

Kada ki tsaya tunanin cewa maƙwabciyar ce ke ɗauko miki yara daga makaranta in taro ya riƙe ki, kamar yadda matar likita ke yi wa Yaya. Mai yawan tuna alheri ba ta samun gida mai tsafta.

2. Tare ta a matakala

Ban da yi wa mai aikin magana a gaban uwar ɗakinta. Ki jira sai tana saukowa da shara, ki gaishe ta kamar kin ga gwaggonki. Ki tambayi 'yan biyun, ki tambayi ciwon gwiwarta. Masana sun tabbatar cewa matar da aka daɗe ba a tambayi lafiyarta ba, tambaya ɗaya ta ishe ta. Yaya har karɓe bokitin ta yi ta sauka da shi, sai da ta isa ƙasa ta tsaya tana waige-waige, don ba ta san inda ake zubarwa ba.

3. Tausaya mata

Kada ki zagi kowa, ajiyar zuciya kawai za ki yi. Ki ce ke kam ba za ki iya sa mace kamarta ta hau kujera tana goge taga ba. Daga nan sai alkawura: tashi daga aiki da wuri, ranar hutu, ɗan ƙari a kan abin da ake ba ta. Kada ki yi rowarsu, ba a sayensu. Sai ki riƙe hannunta ki faɗi abin da Yaya ta faɗa:

"A wurina ke ba 'yar aiki ba ce, 'yar gida ce."

In da hali idonki ya ɗan kawo ruwa.

4. Tsaya da ƙafarki ranar da asiri ya tonu

Zai tonu, tunda hawa ɗaya ne tsakaninku. Matar likita ta sauko da kanta, ta hangi Maman Biyu tana shara a falon Yaya. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi da an faɗa mata ai da sun raba ranakun. Yaya ta dafa ƙirji ta ce Maman Biyu ce ta zo tana roƙo, ita kuma ba ta iya korar baiwar Allah ba. Maman Biyu na jin su, ta ci gaba da shararta.

Daga ranar gaisuwa ta mutu. Yaran Yaya suka koma zaman jira a bakin makaranta har mai gadi ya san sunan kowannensu. Kada wannan ya dame ki, jira na koya wa yaro haƙuri.

5. Nuna mata matsayin 'yar gida

Ki ware mata kofinta da kwanonta, ki ajiye su can ƙarƙashin wurin wanke-wanke, don girmamawa. Ki kulle sito, makulli a jakarki. 'Yar gida ba ta kallon agogo, saboda haka maganar tashi da wuri ta wuce. Ranar hutun ma ki tura ta gidan surukarki ta ɗan kama musu wanki, ai duk gida ne.

In ɗan kunnenki ya ɓata, ki tambaye ta a gaban yara, ki ce ba zarginta kike ba, amma ita kaɗai ke shiga ɗakin. Na Yaya a aljihun jakar ita Yayar ya fito washegari. Ba ta ba da haƙuri ba, ta dai leƙa kicin ta ce an gani. Ke ma haka za ki yi, ba da haƙuri na ɓata mai aiki.

6. In ta tafi, ki yi mamaki

Wata safiya Maman Biyu ta zo ba ta ko cire mayafi ba. Ta ce ta samu aiki a wani kamfanin da ke share ofisoshi, akwai kayan aiki, akwai lokacin tashi. Yaya ta tuna mata cewa ita fa 'yar gida ce.

"Hajiya, ina da gida," in ji ta. "Aiki na zo nema."

Ta wanke kofinta ta kife, ta yi wa yara sallama ɗaya bayan ɗaya, ƙaramar na kuka tana riƙe mata zani.

7. Gyara maƙwabtaka

Wannan shi ne mafi sauƙi. Yaya ta haɗu da matar likita a wurin shanya, kowacce na fama da wankinta, hannu ya yi fari da sabulu. Can Yaya ta ce, "Kin ga abin da matar nan ta yi mini?" Matar likita ta ajiye bokiti. Kafin rana ta take sun amince cewa masu aikin yanzu ba su da amana, ba su san alheri ba, kuma idonsu ya buɗe da yawa. Wannan ta kama bakin zanin gado, waccan ta kama ɗaya bakin, suka matse shi tare suna ci gaba da cin naman Maman Biyu. Yanzu sun fi da shiri.

Ni dai shawara na bayar, ban ɗauki nauyin kowa ba. Wadda ta bi ta ta wayi gari da tsintsiya a hannu, ita da halinta. Masu ƙorafi kada su neme ni a ƙarshen mako, ina gidan Yaya ina wanke labule, don mahaifiyarmu ta ce ba za a sake kawo bare gidan ba alhali Yaya na da ƙanwa.