Rasuwar Shuɗin Mayafin Malama

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, tsohuwar malamar kimiyya na sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar shuɗin mayafinta, yana da shekara talatin da huɗu. Masu yawo da zancen wai bai mutu ba, wai yana nan da ransa cikin kwamfuta, su huta. Ta je ta gano wa idonta.

Marigayin kyauta ne daga maigidanta, Allah ya jiƙansa. Bai taɓa zuba ba, bai taɓa tona asirin furfurarta ba. Aibinsa ɗaya ne: tun da dutsen guga ya ƙone masa gefe aka yi masa faci, yake zamewa daga kafaɗar hagu. Maganarsa duk a duniya ba ta wuce “fat-fat” a kan igiyar shanya ba.

Lafiyarsa lau autanta ya ɗauke shi. Autan yana cikin masu binciken da ke koya wa kwamfuta yadda tufa ke faɗuwa, don rigunan 'yan katun su daina tsayawa kamar kwali. “Aro ne, Mama, kwana biyu,” in ji shi. Kwana biyun ya zama wata uku. Suka rataye shi, suka jiƙa shi, suka kunna masa fanka, ƙarti masu digiri sun kewaye shi kamar ba su taɓa ganin shanya ba. Daga ƙarshe suka ɗaure shi a wata na'ura mai ja, wai su san iyakar ƙarfinsa. To, sun sani. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce “kyaaat”.

Malama ta isa ofishinsu da agogo da littafi. Shekara talatin ta yi tana koyar da yadda abu ke faɗuwa, ba yaron da ta goya ne zai rufe mata baki da hoto ba. Aka nuna mata wata 'yar katun mara fuska an yafa mata shuɗin mayafi.

“Sa ta ta juya,” ta ce wa autan.

Ta juya.

“Sake. Kuma ka daina min wannan murmushin.”

Marigayin ya bar Malama, da kafaɗu biyu a waje, da wani sabon mayafi mai santsi da autan ya sayo don ban haƙuri. Yana nan cikin ledarsa, a nan zai tsufa.

Za a naɗe gawar a sa ta ƙasan akwati ranar Asabar da hantsi. Masu digiri su yi zamansu. Autan zai iya zuwa, amma ya tsaya daga bakin ƙofa. Ba a karɓar gaisuwa ta waya.

Ga masu jiran sakamakon gwajin: sau bakwai 'yar katun ta juya, sau bakwai mayafin ya zame daga kafaɗar hagu. Lissafinsu daidai ne. Mayafin Malama kuma ya yage gida biyu.